Mai Sunan Inna

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Baffa ya tafi. Wan mahaifina ne, shi ya riƙe ni bayan rasuwar ubana, kuma a ɗakinsa na Nyanya, bayan tasha, ya cika da hantsi, Yaya tana ɗiga masa ruwa a baki da cokali.

Ni ba marubuci ba ne. A aji biyu na sakandare na tsaya, na yi kwandasta, na koma direban bas daga Nyanya zuwa cikin gari, ga furfura ta fito ban mallaki ko taya ɗaya ba. Amma na ga abin da aka yi a zaman makokinsa, na kuma ji yadda aka fara yi wa labarinsa kwaskwarima tun ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba. Don haka zan rubuta nawa. Wanda ransa ya ɓaci ya zo tasha, ya san inda nake fakin.

Kafin a fito da shi layinmu ya cika. Direbobi sun bar lodi. 'Yan acaba sun jera baburansu har bakin kwalta. Wani tsohon makanike ya zauna a kan dutse yana cewa, "To shi ke nan, yanzu wa zai riƙa zaginmu da safe?" Mama mai ƙosai, maƙwabciyarmu, Kirista ce 'yar Filato, ta kashe wutarta da ƙullu a roba, ta shigo tana kuka da Hausarta ta Nyanya.

"Baba ya tafi. Uban layin nan duka ya tafi. Ina Anti? Ya ci wani abu kuwa tun safe?"

Anti ɗin da take nufi ita ce Yaya. Duk wanda ya shigo ranar, ita yake fara tambaya, domin a Nyanya ba wanda ya san Baffa da wata 'ya sai ita. Ta girme ni da kaɗan. Ta yi aure, mijin ya rasu, ta dawo ɗakin da ke kusa da na Baffa tana ɗinki, ita ke dafa masa, ita ke wanke masa kaya, ita ke jure bakinsa.

Baffa yana da ɗan cikinsa guda, ma'aikacin gwamnati ne, a Kubwa yake zaune, Oga muke ce masa. Ya zo, ya yi kuka, ba zan yi masa ƙarya ba. Bayan an dawo daga maƙabarta ya sa aka kawo kanofi da fararen kujeru saboda mutanen ofis ɗinsu. Masu kafa kanofin suka ce wani tsohon duro da ke ƙofar gida ya tare musu wuri. Oga ya ce a ture shi. Aka kifar da ruwan a kwata, aka mirgina duron bayan gida. Ku riƙe maganar duron nan, zan dawo kanta.

Da yamma Gwaggo ta iso daga Zariya. Ƙanwar Baffa ce, uwa ɗaya uba ɗaya, ita kaɗai ta rage a ɗakinsu. Ta sa aka shimfiɗa tabarmar karɓar gaisuwa a ɗakin mamaci. Ta zauna a tsakiya, ta ajiye matar Oga a damanta, 'yan'uwan da ta zo da su a hagu. Yaya ta shigo za ta zauna a gefe. Gwaggo ko ɗaga kai ba ta yi ba.

"Ke, je ki duba tukunya. Baƙi na tafe."

Yaya ta juya ta fita. Ina bakin ƙofa na ji wata mata cikin baƙin ta tambaya, ita wannan wace ce? Gwaggo ta ce, "'Yar riƙo ce. A hanya ya tsinto ta."

Ba maganar gado nake ba. Malamai sun faɗi hukuncin ɗan riƙo, ni ba zan yi jayayya da su ba, Yaya ma ba ta taɓa nema ba. Maganar tabarma nake. A wurinmu wanda aka zaunar a tabarmar makoki shi aka yi wa mutuwa. Wanda aka tura murhu ɗan taya aiki ne. Idan kwana uku suka wuce Yaya tana gindin murhu, to an gaya wa duniya cewa Baffa ba ubanta ba ne, kuma ba za a sake yin wani zaman a gyara ba.

To bari in faɗi yadda aka yi wannan tsintuwar.

Kafin ya zo Abuja yana tuƙa tifa ana gina garin nan da ya ƙi mu, Baffa direban gingimari ne. Daga Maiduguri yake ɗaukar sukari da atamfa da goro ya shiga Cadi, ya nausa arewa cikin rairayi, ya dawo da kanwa da dabino. A shekarun ne sojojin wata ƙasa da ke arewa da su suka shigo musu. Baffa bai taɓa kiran sunan ƙasar ba, "masu jirgi" yake ce musu, ni ma haka zan bar su. Suna da jiragen yaƙi, suna da tankoki, suna cin gari bayan gari, inda suka ci su binne nakiya a hanyoyinsa. 'Yan ƙasa kuma ba su da komai sai ƙananan motoci a kori kura da suka ɗaura wa bindiga a baya, su kawo hari su ɓace cikin rairayi.

Baffa bai taɓa zaunar da ni ya ba ni labarin daga farko zuwa ƙarshe ba. Guntu-guntu na tara shi. Wani yana faci ya faɗa, wani yana jiran shayi ya huce.

Ya ce ya gama lodin kanwa a wani gari mai dabino da rijiyoyi, ranar kasuwa, sai jirage suka zo. Ba su tambayi ina soja ina mai sayar da albasa ba. Da ƙurar ta lafa, ya ga mutane sun kewaye motarsa, ba mai magana, kallonsa kawai suke. Ya ce da sun yi ihu da ya iya tafiya ya bar su. Ya hau ya fara wurgo buhunan kanwa ƙasa. Kayan mutane ne, ubangidansa ya kore shi daga baya saboda su, bai taɓa cewa ya yi nadama ba.

Babbar hanya akwai nakiya, dole suka bi ta daji. A hanya suka gamu da masu kare ƙasar. Baffa ya ce yara ne, wasu ba takalma, leɓensu ya tsage. Suka zuƙi rabin man da ke tankinsa domin su ma nasu ya ƙare, suka nuna masa inda zai bi, suka ce rijiyar da ke gaba kar ya tsaya, an jefa mushe a ciki.

Daga nan sai lissafin ruwa. Direbobin rairayi suna da ƙa'ida: mota ma fasinja ce, kuma ita ake fara ba wa. In lagireto ya bushe, injin ya kama, kowa ya mutu a wurin. Saura kuma a raba da gwangwanin madara, kowane kai gwangwani ɗaya, safe da yamma. Akwai wata mata da ɓarɓashin bam ya same ta a ciki, tana riƙe da yarinya ƙarama. Duk sanda aka miƙa mata gwangwaninta sai ta jiƙa leɓe ta ba 'yar. Da rana ta take injin ya ɗau zafi. Baffa ya sauka da jarka ya buɗe gaban mota yana zuba ruwa, matar tana leƙowa ta tsakanin katakon bodi tana kallon ruwan. Ba ta roƙa ba. Kafin la'asar ta cika.

"Na shayar da ƙarfe, mace ta mutu tana kallona," haka yake faɗa. Na taɓa ce masa ai ba laifinsa ba ne. Ya harare ni. "Wa ya ce maka laifina ne? Yau ma aka maimaita, ƙarfen zan ba. Shi ya sa abin ba ya fita."

Suka binne ta a gefen hanya, suka tona ramin da ƙarfen cire taya. Yarinyar ta kama gefen rigar Baffa, ba ta sake shi ba. A sansanin 'yan gudun hijira da ke bakin iyaka ya zagaya da ita rumfa-rumfa, ba wanda ya san ta. Ya taho da ita Zariya. Ta daɗe ba ta magana, da ta fara kuma da Hausa ta fara, sunanta na ainihi ya tafi tare da uwarta. Baffa ya yanka rago ya raɗa mata sunan mahaifiyarsa, wato Inna, kakarmu.

Nan ne rigimarsa da Gwaggo ta samo asali. Ta ce ya rasa wadda zai ba sunan uwarsu sai 'yar da ba a san asalinta ba? Ya ce ya san asalinta sarai, 'yar matar da ta ba da ruwanta ce, in akwai asalin da ya fi wannan a kawo masa. Kun san ɗa ba ya kiran sunan uwarsa. Shi Baffa "Uwata" yake ce wa Yaya har ya mutu. Gwaggo kuwa ba ta iya faɗin sunan, ba ta kuma yarda ta ce mai sunan Inna. Sai ta tsaya a kan "ke". Tun Yaya tana yarinya har ta yi furfura, "ke".

Duron da na ce ku riƙe, tun ranar da Baffa ya kama ɗaki a Nyanya ya kafa shi a ƙofar gida. Kullum da safe a cika shi, a ɗaura gwangwani da igiya a jikinsa. Kowa ya sha. Lokacin da ruwa ya yi tsada, masu kura suna yanga, gara ya kwana da yunwa da duron ya kwana a bushe. Amma sha kawai. Ka wanke fuska da ruwan nan, ka ji zagin da tun da uwarka ta haife ka ba ka ji ba. Ya taɓa bin wani ɗan acaba da sanda har bakin tasha don ya wanke ƙafa. Washegari yaron ya dawo ya sha, Baffa ya ce masa, "Ƙara, ɗan banza, rana da zafi."

Shekarun baya da mutanenmu na arewa maso gabas suka gudo, wasu suka sauka a wani kango a hanyar Masaka. Manyan mutane sun je da motoci da masu ɗaukar hoto, sau ɗaya. Baffa, da gwiwarsa mai ciwo, ya sa ni nake ajiye masa jarkoki a bayan bas duk sanda na yi lodin can. Ba ya yi musu wa'azi, ba ya tambayar labari. Ya sauke, ya tsaya sai ya ga mata sun sha, ba yara kaɗai ba. Idan ya ga uwa ta miƙa wa ɗanta nata, sai ya daka mata tsawa.

Mutum ne mai rediyo. Ba labaran da ke wuce shi, amma ba a jin daɗin sauraro da shi. A majalisar mai shayi ta bakin tasha ana hirar yaƙe-yaƙen duniya kamar hirar ƙwallo, kowa da ƙungiyarsa. Akwai wani tsohon kofur, maigadi ne yanzu, shi ne gwanin sharhi. Rannan ana maganar wata ƙasa da babbar maƙwabciyarta ta afka wa, ya jera marafan kwalba a kan benci. Waɗannan tankokin masu mamaya, waɗannan na 'yan ƙasa, ga kogi, ga gada, za a zagayo ta nan a datse su ta can. Samari sun kewaye shi, wani yana nuna bidiyon tanka tana ci da wuta a waya, ana dariya.

Baffa ya ɗebi gyaɗa a farantin mai talla ya zuba a tsakiyar marafan.

"Kofur, waɗannan fa?"

"Su wa ke nan, Malam?"

"Mutanen garin. Ina ka sa su?"

"Ai dole a kare ƙasa, Malam. Ko so kake a miƙa wuya?"

"Ban ce kar a kare ba. Na ga waɗanda suka kare tasu, kuma da gaskiyarsu. Tambayarka nake, gadar nan da ka ce a karya, ta ina gyaɗar za ta bi? A ina za ta sha ruwa?"

Kofur ya ce shi dabarun yaƙi yake bayani. Baffa ya sa tafin hannu ya tura marafan dama da na hagu suka haɗu, gyaɗar ta murƙushe, wata ta zube ƙasa. Ya kakkaɓe hannu ya ce da mai talla ta zo ta karɓi kuɗinta. Sun yi wata ba sa gaisawa da Kofur. Ranar jana'iza Kofur ne ya shiga kabari ya karɓe shi.

Yaya ta ba ni labarin ranar da rediyo ya ce an kori masu jirgi daga Cadi, an ƙwace sansanoninsu, sun gudu sun bar tankoki a rairayi. Abokan Baffa suka zo yi masa barka, tunda sun san ya bi hanyar. Ya ce, "Alhamdu lillahi, sun cancanta. To sai a dawo wa Uwata da uwarta." Ya kashe rediyon.

Abu ɗaya ne na san yana tsoro. Abuja gari ne na fareti, in bikin gwamnati ya matso jiragen yaƙi sukan yi ta gwaji, su wuce ƙasa-ƙasa ta kan Nyanya. Yara su fito suna tsalle. Yaya kuwa duk abin da ke hannunta sai ya faɗi, ta durƙusa jikin bango ta rufe kai. Shi ma Baffa a tsorace yake, amma sai ya ja ƙafa ya je duro ya ɗebo gwangwani, ya zauna kusa da ita a ƙasa. "Sha, Uwata. Namu ne, wucewa za su yi." Ba ta tashi sai ta sha. Oga bai taɓa ganin wannan ba, yana makarantar kwana, daga can jami'a, daga can Kubwa.

Mu koma makoki. Kwana na farko da na biyu Yaya tana murhu. Da asubar kwana na biyu ta mirgino duron da kanta ta mayar da shi ƙofar gida, a gefen kanofin, ta kira mai kura ya cika. Oga ya gani, ya kau da kai. Mutanen layi kuma suka yi abin da ba wanda ya tsara musu. Su shiga ɗaki su gaida Gwaggo a tsaitsaye, su zagaya bayan gida su durƙusa a gaban murhu cikin hayaƙi. "Anti, ya haƙuri? Allah ya jiƙan Baba." Mama mai ƙosai ta ɗauko kujerarta ta zauna can. Tabarma ta zama wurin wucewa.

Na sami Oga na ce ya yi magana. Ya ce, "Ka san halin Gwaggo. Kwana uku ne, a yi haƙuri ya wuce." Na ce ai shi ya sa nake magana, don zai wuce. Ya ce yana da baƙi.

Na shiga wurin Gwaggo na durƙusa.

"Gwaggo, Yaya ce ta rufe masa ido."

"Allah ya ba ta lada."

"Wurinta nan ne."

"Kai kwandasta, yaushe ka fara raba wurin zama a ɗakin ɗan'uwana? Nan ba bas ba ce."

"Sunan Inna ne a kanta."

Ta nuna mini ƙofa da carbi. Na sami Yaya na ce ta bar tukunyar ta ƙone, ta je ta zauna, in ga wanda zai ɗaga ta. Ta ce, "Ƙanina, wurin da aka ƙwata da faɗa ba na karɓar gaisuwa ba ne. Miƙo mini ludayi."

Ranar sadakar uku, bayan an shafa addu'a, ana rabon waina, gidan cike da mutane. Yaya ta fito daga bayan gida da babban faranti a kai. Sai jirage suka zo. Ban ga su ba, ƙarar kawai na ji, kwanon rufi yana rawa. Farantin ya faɗi, waina ta watse a tsakar gida. Yaya ta durƙusa jikin bangon ɗakin Baffa ta rufe kai da hannu biyu. Matar Oga ta ce ko aljanu ne. Wani ya ce a kira malam. Ni ina tsaye da tulin kujeru a hannu, na san abin da ake yi, amma kafin in ajiye su wata ta riga ni.

Gwaggo ce. Ashe ta sani. A Zariya akwai ƙananan jiragen koyon tuƙi da ke yawo a sama, kuma lokacin da aka kawo Yaya tana ƙarama, a ƙarƙashin gadon Gwaggo take ɓuya. Tsohuwar nan da sai an kama ta take miƙewa, ta dafa bango ta fito, ta ratsa maza ba mayafi sosai, ta je duro. Igiyar gwangwanin ba ta kai ba, ta ce da Kofur ya tsinke ta. Ta dawo ruwan yana zuba a zanenta, ta tsaya a kan Yaya. Na ga bakinta ya buɗe zai ce "ke", ya rufe.

"Mai sunan Inna. Sha. Sun wuce."

Yaya ta ɗago ta sha. Gwaggo ta kama hannunta, ban san wa ke jan wa ba, suka shiga ɗaki. Gwaggo ta ce da matar Oga ta matsa, ta je ta duba tukunya.

Kar wani ya ce na ce Gwaggo ta zama waliyiya. Da yamma ta zage ni a kan wainar da ta zube, kamar ni na tuƙo jirgin. Na kuma san ɗakin Baffa mai gida zai ba wani haya kafin arba'in, kanofi an naɗe, mutanen ofis sun manta sunansa tun a go-sulo. Masu jirgi suna nan a duniya, yau a wannan ƙasa, gobe a waccan, a majalisa kuma Kofur ya koma jera marafansa, sai dai yanzu yana barin fili a tsakiya.

Allah ya jiƙan Baffa, ya yafe masa zafin bakinsa, ya shayar da shi kamar yadda ya shayar. Ya jiƙan matar da ke kwance a gefen wata hanya a arewacin Cadi, wadda ba mu san sunanta ba.

Dab da magariba a ranar ukun, wani tsohon direba ya iso daga Maiduguri, abokin Baffa tun zamanin gingimari, da ƙyar yake gani. Na kai shi ƙofar ɗaki. Ya yi sallama ya ce, "Ina 'yarsa?"

Gwaggo ta dafa gwiwar Yaya.

"Ga ta nan."